Garmahon Inna Hajo

Samarin da ke gyaran rediyo mai kaset a bakin tasha sun shigo zaurenmu ran nan aron dalma, suka ga tsohon garmaho a kan tebur, suka yi ta dariya. Ɗayansu ya ce, "Inna, wanga ma sana'a ce? Ka aza faifai, ka aza allura, shi ke nan hwa." Na miƙa masa dalmar. Amma tun da Allah ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci har hannuna ya saba da alƙalami, na ce bari in rubuta muku, ƴaƴana, sannu a hankali, yadda ni ma aka koya mini.

Aikina na farko garmahon wani mai awon gyaɗa ne. Malam, maigidana, shi ne mai gyaran rediyo a unguwarmu nan Madarumfa tun kafin a kawo ni gidan, ni kuwa ban san komai a zauren ba sai shara. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, wata safiya ina tankaɗe ya kira ni ya ce, "Zo ki ara mini idonki." Na zo da gari a hannu. Ya sa na wanke, ya sa na sake wankewa, sannan ya kama yatsana ya aza a kan wata ƴar bis, kusar nan mai murɗawa, ya ce in kwance. Wata uku ban yi komai ba sai kwance bis da mayarwa. Ina jera su a murfin kwano yadda suka fito, ta farko a dama, ta ƙarshe a hagu. In na rufe garmaho guda ta yi saura, ba ya faɗa. Sai ya girgiza murfin kusa da kunnensa ya ce, "Akwai wadda ba ta koma ɗakinta ba." In sake buɗewa tun daga farko.

Kayan aikin ba su da yawa. Turnabis uku na kwance bis, ƙarfen dalma da muke turawa cikin garwashi, gilashi ɗaya na tsohon tabaransa don duba bakin allura, gashin zabo na share faifai, da man keken ɗinki a kwalbar turare. Akwai kuma wani faifai na bushe-bushen Turawa da ba mai so, duk ya sha karce. Jakin gida muke kiransa, don kowane garmaho ya shigo shi ake fara aza masa. Faifan mai kaya ba ya hawa sai jaki ya je ya dawo lafiya.

Sai zaren tsamiya. Babban faifai zagaye talatin da uku yake yi a minti, ƙarami arba'in da biyar. Malam ya ce carbi ma ai talatin da uku ne, amma carbin salla ba na kiɗa ba ne. Ya sa na huda ƙwallayen tsamiya arba'in da biyar na zura a zare, na yi ƙulli bayan ta talatin da uku. Mukan liƙa ɗan ƙaro a gefen farantin da ke juyawa. Shi ya kai yatsa kusa, duk sanda ƙaron ya shafe shi ya ja ƙwallo ɗaya, ni ina kallon agogo. In na ce "Tsaya," sai mu duba inda hannunsa ya kai. Haka muke wuni, faranti na ta juyawa tsakaninmu, hasken ƙofa na kwance a kansa yana lilo kamar rana a kan tabki da hantsi. Wani lokaci sai na ji tuwo yana ƙauri nake tuna akwai gida bayan zauren.

Wani mushe, wato malamin boko, da aka kawo lakwal, makarantar garin Safo, ya zo zaɓen garmaho a farkon shekarun nan na casa'in. A lokacin kaset ya ci kasuwa, mutanen ƙetaren iyaka suna ta zubar da garmaho, direbobi na kwaso su daga Jibiya suna kawo mana. Wanda ke da faifai a gida yana son jinsa, wurinmu yake zuwa. Mushe ya shigo, idonsa ya faɗa kan wani mai maɓallai masu walƙiya, ya ce shi. Na ce to. Na zuba ruwa a ƙaramin kofin shayi, na aza a jikin akwatin, na kunna ba faifai. Na ce, "Mushe, dubi ruwan." Ruwan na ta rawa. Na kai kofin kan wani mai dusasshen fenti na kunna, ruwan ya kwanta shiru har fuskarsa ta fito a ciki. Abin da ke girgiza ruwa shi ke girgiza allura, kuma za ka ji shi ƙarƙashin waƙa kamar ƙudan zuma a rufin ɗaki. Sannan na sa ya durƙusa ya daidaita idonsa da gefen faranti, ya ga ko yana ɗaga kai yana saukewa. Sannan na aza masa hannun allurar a kan yatsa. In ya fi ƙwarar gyaɗa biyu nauyi, ba jin faifai zai yi ba, noma shi zai yi. Mutanenmu kuwa in allura ta yi tsalle sai su aza mata dala a kai don ta zauna, ta zauna ɗin, amma bayan wata biyu waƙar ta koma shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Mushe ya tafi da mai dusasshen fentin yana ƙunƙuni. Ya daɗe yana aiko mini da gaisuwa.

Mummunar shekara ita ce wadda aka karya darajar kuɗinmu sefa. Allura ta daina zuwa daga Maraɗi, robar da ke jan faranti ta daina zuwa, wanda duk ke da ɗan abin hannu hatsi ya nufa, ba waƙa ba. Sati uku kan wuce ba wanda ya yi sallama a zauren sai mai cocila ko mai buta. Na koma soya kifi da yamma. Garmahon da suka mutu na riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya, in ciri na wannan in raya wancan, har ya zama allura mai kyau guda ɗaya tak ta rage mini, a kwalin ashana, cikin auduga.

A bazarar shekarar nan ce wata mota ta tsaya ƙofar gida da hantsi. Direban, Alhaji Lawwali, mun san shi, yana jigila tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ya shigo da mahaifiyarsa, Inna Hajo, daga ƙauyen Sarkin Yamma. Doguwar tsohuwa ce, busasshiya, ta rungume wani ƙunshi a ƙirji. Ta gaida Malam, ta gaishe ni, ta tambayi yara da zafi, sannan ta zauna a tabarma ta kwance zane uku. Cikin na ƙarshe akwai tire biyu an kifa su fuska da fuska, tsakaninsu ƙaramin faifai.

Ta ce, "Ɗiyata, yayata ce a ciki."

Ta ba mu labari. Tun suna da ƙuruciya wasu mutane suka zo ƙauyensu da akwatin ɗaukar murya, suka ɗauki waƙar daka. Su uku ne a turmi ɗaya suna lugude, yayarta Ladi ce ke bayarwa, su biyu na amshi. Can baya wani mushe ya kawo faifan, suka ji sau biyu ko uku a garmahonsa, aka ɗauke shi daga garin ya tafi da garmaho ya bar musu faifai. Yaya Ladi ta rasu da daɗewa. Ta ukun ma ta rasu.

Ta ce, "Huskarta ina ganinta, har wushiryarta. Amma muryar ta ɓace mini. Bara na kwanta ciwo, na yi ta nemanta cikin kaina, babu. Ina so in ji ta a ɗakina kahin a kira ni."

Na karɓi faifan da gefen yatsu na kai shi bakin ƙofa. Ya ɗan lanƙwashe saboda zafin ɗaki, kuma an taɓa aza masa nauyi, don tsaginsa ya yi fari-fari. Irin wannan ba ya jure wasa. Kowane ji da aka yi yana rage masa kwana, allura mara kyau kuwa tafiya ɗaya ta ishe ta ta shafe shi.

Garmaho uku gare mu masu rai. Alhaji ya dafa babban, mai lasifika biyu kamar akwatin amarya, ya ce, "Wanga za a ba Inna. Duk garin ya san ɗanta ya kawo abu."

Malam ya ce daga tabarmarsa, "Alhaji, an kai muku kuran Sarkin Yamma ne ba mu ji ba?"

Ya yi dariya ya saki, don babban sai da kuran, wutar lantarki, yake aiki. Ya koma kan tsohon nan da ake wana masa hannu, ya ce to wannan ba ruwansa da kuran, ba ruwansa da pil, wato batir, ga amo. Ban yi masa gardama ba. Na aza jakin gida, na saukar da allurarsa ta ƙarfe, ya yi zagaye kaɗan na ɗaga. Na shafa bakin allurar da farin ƙyalle na nuna masa baƙin garin da ta kankaro. Na ce, "Alhaji, wannan na faifan dā ne masu tauri. In aka sa na Inna, ga abin da zai rage."

Saura na ukun, ɗan akwati ja da ya koɗe, mai cin pil shida, murfinsa shi ne lasifikarsa. Ruwan kofi bai motsa a kansa ba, hannunsa kuma kamar gashin tsuntsu. Alhaji ya ce, "Wanga abin kamar gwangwanin almajiran tela?" Inna Hajo ta ce masa, "Kai, zauna." Ya zauna.

Na ciro allurata ta kwalin ashana na sa. Jaki ya hau, muka ji bushe-bushen sun yi nauyi. Muka ƙidaya da tsamiya, hannun Malam ya tsaya a arba'in. Na buɗe cikinsa, robar ta saki saboda zafi, tana santsi. Sabuwa babu a ƙasar. Na tafasa ruwa a butar shayi na jefa ta, ta ɗan jima, na tsamo na sa a ruwan randa, ta tsuke. Na goge da ƙyalle, na ɗiga mai ɗigo ɗaya a gindin faranti, na mayar. Muka sake ƙidaya. Arba'in da biyar cif. Muka ƙara don tabbatarwa. Rana ta kai tsaka, garin ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka.

Na share faifan Inna da gashin zabo, na yi bisimilla, na saukar da allura.

Farko shuu, kamar iska cikin karan dawa. Sai ga taɓare uku suna bin juna, sai tafi, sai wata siririyar murya ta taso. Tsohuwa ta karkata kai, ta rufe ido. Na ga yatsunta suna motsi a kan gwiwa, sai suka tsaya.

Ta ce, "Ɗauke."

Na ɗaga allurar.

"Ba ita ba ce. Waƙar ita ce, amma wagga yarinya ce. Yaya tana da ɗiya huɗu sanda ta yi wagga waƙa."

Alhaji ya ce, "Inna, ke da kika ce kin manta muryar, ta ina kika san ba ita ba ce?"

"Na manta ta. Ban ce in an kawo mini wata zan karɓa ba."

Na ce mata lissafi ya cika, ba abin da ya rage a garmahon. Ta dube ni da idanun nan nata masu ruwa-ruwa, ta fara jawo zanen farko za ta naɗe faifan. Shekarun da na yi a zauren ban taɓa ganin tsamiya ta yi ƙarya ba.

Malam ne ya yi gyaran murya. Ya ce, "Inna, mutanen da suka ɗauki waƙar, akwatinsu da pil yake aiki?"

"Ina na sani, Malam? Na dai san sun kwana uku suna yawo ƙauyuka, mu ne na ƙarshe."

Ya juyo wajena ya ce, "In pil ɗinsu ya yi sanyi ranar, akwatinsu a hankali ya ɗauka. Da aka je aka buga faifai daidai, sai komai ya yi sauri, babbar mace ta koma yarinya. Laifin ba na garmahonki ba ne, a cikin faifan yake."

Na ce to, akwai ƴar bis a ƙarƙashin faranti da ke rage gudu, amma in rage zuwa ina? Ba lissafin da zai gaya mini, faifan kuma ba zai jure a yi ta lalube a kansa ba.

Inna Hajo ta saki zanen. Ta ce, "Kina da turmi?"

Muka fito da shi tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Ta ce a zuba gero, ba a dakan turmi wofi. Na zuba. Ta gwada taɓarena biyu ta zaɓi mai nauyin, ta ɗaure zanenta a ƙugu. Alhaji ya ce, "Haba Inna, kin tsuhwa, hannunki ya yi sanyi. Ai ba za ki yi saurin da kika yi da ƙuruciya ba."

Ta ce, "Ba hannu za a bi ba. A lugude jefa taɓarya ake sama, a yi tahi biyu, a cahe. Ta tashi iya kai, ta sauko. Yadda take saukowa ina yarinya haka take saukowa yau, ba mai sa ta sauri. Waɗanda ke cikin abin nan tahinsu ya yi kusa da juna, ba macen da za ta iya haka."

Ta fara daka. Ta yi kamar goma tana neman jikinta, sannan ta jefa, ta tafa biyu, ta cafe. Ta sake. Ƙasa na amsawa a tafin ƙafata. Ƙaiƙayi na tashi cikin hasken da ke zubowa ta ganyen darbejiya, yana tsayawa a iska kamar ba zai sauko ba. Na kawo garmahon na ajiye a kan kujera ƴar tsugunne, nesa da turmin don kada girgiza ta sa allura tsalle, na zura ƙaramin turnabis ƙarƙashin faranti. Malam ya lallaɓo ya tsaya bakin zaure, ya jingina da bango.

Ta ce, ba ta daina dakan ba, "Tawa ce ta biyu. Tana da tsaga, za ki ji tana ƙas. Ita za ki bi."

Na saukar da allura. Taɓaren faifai suka shigo a guje suka wuce tata. Na saurara har na tsinci mai tsagar, ƙas, ƙas. Na murɗa bis ɗin kaɗan, kamar kaurin farce. Har yanzu ta cikin faifan na riga ta sauka. Na ƙara. Tazarar ta ragu, kamar mutum biyu a hanya, ɗaya na jiran ɗaya. Allura ta kai rabin faifai. Gumi ya sauko mini ido ban share ba. Na ƙara rabin abin da na ƙara dā.

Sai ƙarar biyu ta zama ɗaya. Tafin faifai da tafin tsohuwa suka faɗa wuri guda. Muryar nan siririya ta sauko, ta yi faɗi, ta yi ƴar dishewa a ƙasanta irin ta macen da ta sha kiran yara daga nesa.

Taɓarya ta tashi, ba wanda ya cafe ta. Ta faɗi gefen turmi, kaji suka watse.

Inna Hajo ta tsaya hannuwanta a buɗe yadda tafin ya bar su. Da amshi ya zo ta buɗe baki ta amsa, a cikin faifan ma wata yarinya ta amsa tare da ita. Haka suka kai ƙarshen waƙar. Allura ta shiga tsakiya tana shuu, na ɗaga ta.

Can ta ce, a hankali, ba da mu take ba, "Yaya, ashe har yanzu kina jan baitin nan fiye da kima."

Alhaji ya juya baya yana gyara hula. Malam ya ce a kawo masa tsamiya. Muka cire faifan muka ƙidaya, hannunsa ya tsaya saura uku. Ya ce, "To. Arba'in da biyu." Na gaya wa Alhaji gaskiya, in aka bar shi haka duk wani faifai da aka aza zai yi nauyi kamar mai waƙar bai karya kumallo ba.

Ya ce, "Kin ji, Inna? Ina da niyyar in kawo miki wasu daga Jibiya."

Ta ce, "Kai wa matanka. Ɗiyata, liƙe ta nan inda take."

Na kunna kyandir na ɗiga a kan bis ɗin har ta rufe. Ban taɓa sallamar garmaho lissafinsa bai cika ba sai wannan. Na koya mata yadda za ta saukar da allura da yatsa ɗaya, ta gwada a kan jaki sau bakwai har ta iya. Na ce faifan a tsaye zai riƙa kwana, a ɗakin ƙasa, ba ƙarƙashin kwano ba. Pil in ya fara sanyi a canza duka shida. Kuma ba kullum ba, ran Juma'a kawai, in tana so ya daɗe. Ta ce Juma'a ta yi, dā ma ran Juma'a suke kitso ita da Yaya Ladi.

Ta ƙarasa mini dakan geron kafin su tashi, ta ce ba ta barin aiki rabi a gidan mutane. Na naɗe faifan cikin zanensa uku, na ɗaure shi a jikin murfin akwatin. Alhaji ya ɗauka ya kai mota, ya buɗe baya inda buhunan albasa suke, zai tura.

Tsohuwa ta tsaya cak a ƙofar gida.

"Kai, Alhaji! Ina ka taɓa ganin an sa babbar mace cikin albasa? Buɗe mata gaba."